Martini, Trapdoor, Rolling Block ko Snider, wacce ya kamata ka fara saya?

Yawancin waɗanda ke faɗawa sha'awar tsofaffin bindigogin sojan nan masu cin harsashi ɗaya labari ne ke fara jan su, wane yaƙi aka yi da ita, a hannun su wa ta yi suna, sai mutum ya kwashi kuɗi ya saya, daga baya ya zo yana cigiyar inda zai samu harsashinta. Ni a ganina tambayar farko ita ce me za ka ɗura mata, ta biyu kuma a wace ƙasa kake zaune, don waɗannan biyun su ne za su yanke maka hukunci tun kafin a zo maganar kyau ko tarihi. Bindigogin da nake nufi su ne na tsakanin wajen 1866 zuwa 1890, lokacin da sojojin duniya suka bar ɗuri ta baki suka koma sa harsashi ta gindi amma masu cin harsashi da yawa lokaci guda ba su yaɗu ba tukuna, duk albarushin toka suke ci, duk dalma suke harbawa, kuma duk hayaƙi suke yi sosai.

Maganar ƙasa tukuna don kar wani ya jefa kansa cikin rigima. Wannan harka ta mutanen Amurka ce da Ingila da Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu, so bayanin nan na 'yan'uwa mazauna can ne. A Amurka dokar tarayya ta 1968 ba ta lissafa bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan cikin bindigogin da sai ta hannun dila mai lasisi ake saye ba, kayan tarihi take ɗaukarsu, amma fa kowace jiha da nata tsarin, wasu jihohin sun fi tsanani nesa ba kusa ba. A Ingila za ka iya ajiye ta a gida ba lasisi in dai don ado da tarihi ne kuma harsashinta na cikin jerin waɗanda gwamnati ta ce sun daina yayi, dokar 2021 ta ƙara fayyace wannan, amma ranar da ka ce harbawa za ka yi to sai ta hau kan takardar lasisinka. A gida Najeriya kuwa dokar bindigogi ta 1959 ko bindigar toka sai da izini, kar ka ce ai tsohuwa ce ka sako ta cikin kaya, kwastam ba tarihi suke dubawa ba.

To, Martini-Henry. Ita ce wadda kowa ke so, kuma ban ga laifinsu ba. Ingila ta karɓe ta a 1871, tsarin buɗewa da rufewar na Friedrich von Martini ne mutumin Suwizalan wanda ya gyara ƙirar Ba'amurke Peabody, tsagin cikin bututun kuma na Alexander Henry ne maƙerin bindiga a Edinbara. Yadda take aiki akwai daɗi a hannu wallahi: liba ce a ƙasa bayan kunamar da yatsa ke ja a harba, ka danna ta ƙasa sai ƙarfen da ya toshe gindin bututun ya sunkuyar da kai, kwanson da ka harba ya fito, saman ƙarfen nan an fafe shi ya yi kwari, sai ka ɗora sabon harsashi a kwarin ka tura shi da babban yatsa, ka mayar da liba sama, shi ke nan ta ɗanu. Babu wata kunama ta sama a waje da za ka ja baya ka ɗana, sai wani ɗan ƙarfe mai tsini a gefen dama da ke nuna maka a ɗane take ko a'a. Cikin huɗun nan ita ta fi sauri kuma ita ta fi kama da bindigar zamani.

Da ita aka yi yaƙin Isandlwana a Afirka ta Kudu ranar 22 ga Janairun 1879 inda Zulu suka gama da rundunar Turawa, da ita aka yi tsaron Rorke's Drift a daren nan, da ita aka yi yaƙin Afganistan na biyu, da ita aka yi yaƙi a Sudan a 1885 inda a fagen Abu Klea ta riƙa maƙalewa saboda kwanson harsashin wancan lokacin siririn fallen tagulla ne aka naɗe, in bututu ya yi zafi ga rairayi sai gindin kwanson ya tsinke ya bar sauran a ciki. Bayan nan ne aka koma kwanso mai ƙwari, aka kuma fito da samfurinta na huɗu, Mark IV, mai doguwar liba don a samu ƙarfin zaro kwanson. Wani fim da aka yi a 1964 kan Rorke's Drift shi ya ƙara mata farin jini, har yau Mark I da Mark II masu shekarun da suka dace da yaƙin Zulu sun fi tsada saboda shi, alhali Mark IV da ba ta da wannan labarin sau da yawa bututunta ya fi lafiya kuma kuɗinta ya fi sauƙi. In harbi kake so Mark IV ɗin ma ta ishe ka.

Matsalarta harsashi. Sunansa .577/450, ƙato ne mai wuya kamar kwalba, dalmarsa giram 31, albarushi wajen giram biyar da rabi, kuma ba abin da za ka shiga shago ka ce a ba ka kwali ɗaya ba ne, in ma ka samu wanda wani ƙaramin kamfani ya haɗa to kuɗin ƙwaya ɗaya zai sa ka yi tunani kafin ka ja kunama. Kusan duk mai harba Martini da kansa yake haɗa harsashinsa, wasu su sayi kwanso sabo daga kamfanin Bertram na Ostareliya, wasu su sayi kwanson tagulla na bindigar tsuntsu mai lamba 24 su gasa bakinsa su matse shi a hankali har ya ɗauki siffa, kuma da yawa kan lalace a hannun mai koyo. Kayan matsewar ma sun fi na sauran harsasai kauri, ba kowane injin haɗa harsashi suke hawa ba. Dalmar kuma sai ka zuba da kanka don faɗin bututunta ya ɗara na .45 ɗin Amurka, in ka sa na Amurkan sai ka ga harbi yana watsewa. Sannan tana duka. Sojojin da suka yi yaƙi da ita sun sha kukan kumburin kafaɗa, har fatar shanu suke ɗinka wa bututun saboda zafi, kai ma in ka yi harbi ashirin da cikakken ɗuri za ka san ka yi.

Ga kuma jabu, wanda a kan Martini ya fi yawa. A yankin Khyber tsakanin Pakistan da Afganistan, musamman garin Darra Adam Khel, maƙera sun fi shekara ɗari suna kwafar ta da hannu, sojojin Amurka da suka yi aiki a Afganistan sun dawo da su da yawa daga kasuwannin can. Ka duba gefen dama da kyau: kambin sarauta da haruffan V.R. da sunan ma'aikatar Enfield da shekara. A kan kwafin sai ka ga harafin N ya juya baya, ko haruffan sun yi hawa da sauka ba a layi ɗaya ba, ko an buga V.R. na Sarauniya Biktoriya tare da shekarar da ta wuce 1901 alhali a shekarar ta rasu. Ƙarfen ba wanda ya san daga ina aka samo shi. Ta rataye a bango ce kawai. Sai kuma na Nefal, a 2003 wani kamfanin Amurka mai suna International Military Antiques ya sayo tsohon rumbun makaman da ke fadar Lagan Silekhana a Katmandu, bindigogi sama da 50,000, shi ya sa kasuwa ta cika da Martini a shekarun nan. A ciki akwai na Ingila orijinal waɗanda aka ba Nefal, waɗannan in an wanke busasshen man da ya daskare a jikinsu aka duba sun yi, akwai kuma ƙirar Nefal ɗin kanta, Gahendra da wadda ake kira Francotte, su kam mafi yawan masana harkar cewa suke kar a harba. Kar arhar su ta ruɗe ka.

Springfield Trapdoor ita ce kishiyarta ta kowace fuska. Ba ta da kwarjinin Martini, kallon farko ma sai ka ɗauka bindigar ɗuri ce don ga ƙatuwar kunama a gefe, kuma asalinta ke nan, bayan yaƙin basasar Amurka gwamnati na da tulin bindigogin ɗuri ba kuɗin sayen sabbi, sai Erskine Allin na ma'aikatar Springfield ya yanke saman gindin bututun ya sa masa murfi mai buɗewa gaba. Samfurin 1873 shi ne aka ƙera sabo da harsashin .45-70. Ka ja kunama baya, ka ɗaga ɗan maɓallin da babban yatsa, murfi ya tashi, kwanso ya yi tsalle ya fito da ƙara, ka sa wani ka rufe. Ita ce ke hannun sojojin dokin kwamanda Custer a yaƙin Little Bighorn da 'yan asalin Amurka a 1876, ita ma a lokacin an yi kukan maƙalewar kwanso don na jan ƙarfe ne. An maye gurbinta da bindigar Krag a 1892 amma har yaƙin Amurka da Sipaniya na 1898 sojojin sa-kai da ita suka je, hayaƙinta yana tona inda suke.

Abin da ya sa nake tura sabon shiga da ke Amurka wajenta shi ne .45-70 bai mutu ba. Har gobe mafarauta na amfani da shi, kwanso da dalma da kayan haɗawa ko'ina akwai, kwanson miƙaƙƙe ne ba wuya ba lanƙwasa, koyon haɗa shi ba wahala, kuma an ƙera bindigar sama da rabin miliyan, kayan gyaranta na nan birjik. Amma nan ɗin ne haɗarin yake. Harsashin .45-70 na shago kala-kala ne, akwai wanda aka yi don sababbin bindigogi masu ƙarfi irin Marlin da Ruger, zai shiga cikin Trapdoor lafiya lau ya rufu, kuma zai iya tarwatsa ta a fuskarka. Sai wanda aka rubuta a kwalin cewa ya dace da ita, mai dalma zalla mai laushi, ko kuma wanda ka haɗa da albarushin toka. Martini da sauran kam, rashin harsashi ne ke kare su daga wawan ɗuri, ita wannan ba mai kare ta sai hankalin mai ita.

In za ka zaɓa a cikinsu, samfurin 1884 mai ma'aunin saiti na Buffington ya fi daɗin harbin nesa, kuma doguwar ta fi araha. Gajeriyar ta sojan doki mai bututu inci 22 ita ce mai tsada, shi ya sa 'yan damfara ke yanke doguwar su sa mata zobe a gefe su ce ta sojan doki ce, in kuwa lambar ta faɗa zamanin Custer sai kuɗin ya haukace. Kar ka fara da ita. Wanda kuma yake son harbi kawai ba ruwansa da tsufa, Pedersoli na Italiya na ƙera sababbi, sai dai su a doka bindigogin zamani ne, da takardunsu. A Ingila kuwa lissafin ya juye gaba ɗaya, tunda .45-70 ana sayar da shi har yanzu ba ya cikin jerin waɗanda suka daina yayi, ko ajiyewa za ka yi sai da lasisi, ita kuma Martini da Snider ka saya ka rataye.

Remington Rolling Block ita ce ni dai na fi girmamawa ta fuskar ƙira. Manyan ƙarafa biyu ne kawai kowanne a kan ƙaton fil, ka ja kunama baya, ka mirgino toshiyar baya, ka sa harsashi, ka mayar, in ka harba sai jikin kunamar ya shige ƙarƙashin toshiyar ya kulle ta. Ba abin da zai lalace sosai, soja da bai taɓa riƙe bindiga ba zai koya a yini. Leonard Geiger da Joseph Rider suka fito da ita, bayan baje kolin Faris na 1867 kuma ƙasashe suka yi ta saye, Denmak, Suwidin, Nowe, Sipaniya, Masar, Ajantina, har sojojin Fafaroma. Sojan ƙasa na Amurkan ne ma ba su rungume ta sosai ba.

Kuma cikin huɗun ita ce labarinta ya fi matsowa kusa da mu. Khedive Isma'il mai mulkin Masar ya sayi dubbai, Habasha suka ƙwace da yawa a Gundet da Gura a 1875 da 1876, sai kuma a Nuwamban 1883 mutanen Mahadi suka halaka rundunar Hicks Pasha a Shaykan kusa da El Obeid suka kwashi nasu, da su aka yi ta yaƙi a Sudan har Omdurman a 1898. Daga cikin wannan duniyar ta Sudan ne Rabe ya fito da mayaƙansa masu bindiga, ya ci Borno a 1893, ya zauna Dikwa, har Faransawa suka kashe shi a Kusiri a 1900. Wanda tarihin yankin nan ke ja, ta Masar ɗin mai rubutun Larabci a jiki ita zai so. Sai dai gaskiya yawancinsu sun sha wuya, katako ya ci duka, bututu ya yi rami-rami, harsashin .43 na Masar ɗin ma wahalar samu gare shi. Ta ajiya ce. Ta harbi ita ce ta Ajantina samfurin 1879 mai cin .43 na Sipaniya, da yawansu kamar ba a taɓa su ba, kuma kwansonta ya fi na Martini sauƙin sha'ani. Na Suwidin ma ƙarfensu mai kyau ne, akwai masu cin harsashin 12.17 na asali, akwai waɗanda aka mayar masu cin 8x58R daga 1889.

Wahalar Rolling Block ita ce sanin wacce ce a hannunka. Ƙasashe da yawa, harsasai da yawa masu kama da juna, sau da yawa ba a buga komai a bututun ba, mai sayarwa ma hasashe yake. Sai maƙerin bindiga ya zuba narkakken ƙarfe mai laushi a mazaunin harsashin ya ciro ya auna. Ka kuma lura da allurar da ke dukan hular harsashi, in tsatsa ta riƙe ta a waje bindigar na iya tashi kana rufewa tun kunama ba ta kulle ba. Sannan akwai na baya masu cin 7mm irin samfurin 1902, waɗannan sun wuce 1898, a Amurka ba kayan tarihi ba ne a doka.

Snider kuwa ba sai na ja ba. Enfield ɗin ɗuri ce ta 1853 aka yanke gindinta aka sa mata ƙofa mai buɗewa gefe, dabarar Ba'amurke Jacob Snider, Ingila ta karɓa a 1866. Da ita aka je Magdala a ƙasar Habasha a 1868 kan Sarki Tewodros, da ita aka yi yaƙin Asante, a Ghana ta yau, na 1873 zuwa 1874 wanda sojojin Hausa na Baturen nan Glover suka shiga, kuma ta daɗe a hannun sojojin Kanada da Indiya bayan Turawan sun koma Martini. Ba ta tofar da kwanso, sai ka ja ƙofar baya sannan ka kifar da bindigar ya faɗo, abin dariya a ido amma da daɗi in ka saba. Dukanta bai kai na Martini ba, kwansonta miƙaƙƙe ne, daga na lamba 24 ɗin nan ake yanka shi ba tare da wahalar matse wuya ba. Sai dai ba ta nesa ba ce, dalmar na tafiya a hankali tana faɗuwa da wuri, kuma sai ka yi ta gwajin faɗin dalma kafin ta fara bugun wuri ɗaya. In za ka saya don harbi nemi Mark III, ita aka ƙera sabuwa da bututun ƙarfe mai ƙwari da makulli a ƙofar. Akwai Gras ta Faransa ta 1874 wadda maƙeran Samori Ture, sarkin yaƙin Mandinka, suka riƙa kwafa, da Mauser ta 1871, amma su masu sakata ne, wani zance ne daban.

Abu ɗaya da ya haɗa su duka shi ne wanki. Albarushin toka na barin baƙin dauɗa mai jan laima, in ka kwana ba ka wanke ba gobe za ka ga ja-ja a bututu. Ruwan zafi da ɗan sabulu, ka yi ta tura tsumma yana fitowa baƙi ƙirin yana warin ƙibiritu har ya fara fitowa fari, ka busar, ka shafa mai, kwansunan ma ka jefa su cikin gora da ruwan sabulu tun a filin harbi in ba haka ba su yi kore. A nan Rolling Block ta fi sauƙi, ka buɗe toshiya kana hango haske daga gindi har baki. Kuma kusan dukansu sama suke bugawa a yadi 100 don an saita su ne don nesa, kar ka ɗauki zarto ka goge ma'aunin saitin asali, ka rage mata daraja a banza, ka sauke saitinka ƙasa kawai. Haka katako, kar ka kankare shi ka shafa masa fenti mai sheƙi, hatimin da ke jikinsa rabin kuɗin bindigar ne.

To in kana Amurka kuma harbi kake so daga watan farko, doguwar Trapdoor 1884 mai lafiyayyen bututu. In ka riga ka iya haɗa harsashi kana son wadda za ta daɗe ba ta ba ka ciwon kai ba, Rolling Block ta Ajantina, ni ita zan ɗauka. In kana Ingila, Martini ko Snider, ka fara da ajiyewa, ka shiga kulob ɗin masu tsofaffin bindigogi da ke zuwa filin harbi na Bisley ka ga yadda suke yi kafin ka nemi lasisi. In kuma zuciyarka ta riga ta kafe a kan Martini, saye ta, amma ka ware kusan wani kuɗin daban na kwanso da kayan zuba dalma da injin haɗawa, ka sayi ta Ingila orijinal daga dilan da zai yarda ka mayar in ba ta yi ba, kuma kowacce ka ɗauka maƙerin bindiga da ya san tsofaffi ya duba ta kafin harbin farko.